Takardar Janye Ƙazafi

Yayana maƙaryaci ne. Shi ya tsaya a bakin layinmu ya ce matar ƙaninmu ce ta sa wa mijinta guba, alhali ya san ciwon zuciya ne ya kashe shi. Mutane suka daina gaishe ta, har ta tattara ta koma garin 'yarta.

Ta kai ƙara. Ba diyya ta nema ba, so take ya janye maganar da bakinsa. Shekara shida lauyansa yana sa a ɗage zama.

Ranar hukunci, alƙali ya umarce shi ya karanta takardar janyewa da ƙarfi a ƙofar kotu, sau ɗaya. Ya karanta yana murmushi, yana satar kallon wani benci da ke ƙarƙashin taga.

"Lauya, ka ga taurin kan matar nan?" in ji shi. "Na gama, amma ko motsi ba ta yi ba. Ta zuba mini ido kawai."

"Wace mata, Alhaji?"

"Mai ƙarar mana. Ga ta can da farin mayafi."

Lauyan ya dubi bencin, ya rufe jakarsa a hankali. "Ai wata biyu ke nan da binne ta. 'Yarta ce ta ƙarasa shari'ar."

Kotu ta sallame shi tun ranar. Ita ba ta sallame shi ba. Yau shekara huɗu, kullum da safe yana ƙofar kotun, ƙafa ba takalmi, yana karanta wa bencin takardar.