Sulen Nijar

Ranar kasuwar Bakori wani ya liƙa mini kuɗin Nijar a wajen tallar ƙuli-ƙuli, fari tas kamar sulenmu. Inna ta jujjuya shi, ta ce, "Kada ki dawo mini gida da shi."

Mai gishiri ya ƙi karɓa, mai manja ta wurgo mini abina. Saura Baba mai goro, tsohon da ya daina gani. Na daɗe a tsaye kafin na miƙa masa.

Ya shafa shi da babban yatsa, sannan ya ba ni goro biyu.

"Je ki, jikata. Ke ma liƙa miki aka yi."

Har yau ina cewa gara da zagina ya yi.