Ƙotar Malam Jatau

Ranar da Tasallah ta fita takaba, ta ɗauki fartanyar mijinta ta nufi rumbun gari. Shekara ashirin ke nan da mutanen Kwarin Gamji suka daina mallakar kayan aiki, kowa sai ya ara a rumbun ya mayar. Tun daga nan ba wanda ya sake rasa abin noma. Mijinta, Malam Jatau, shi ya kawo shawarar, kuma fartanya ɗaya ya yi ta ara har ya rasu.

Ɗan'azumi mai tsaron rumbun ya dubi ƙotar. Ta loɓa daidai inda yatsun marigayin suke zama.

"Iya, sai na sa ta a injin goge ƙota, don ta dace da hannun kowa."

"Bar ta haka, ɗan nan. Ni zan ara."

"Ba a bai wa wani daban sai an goge. Malam ne da bakinsa ya faɗa."

"Na sani. Ni na kai wa masu taron ruwa ranar da ya faɗa."

Ta sa yatsunta a gurbin na mijinta, ta daɗe haka, sannan ta miƙa wa Ɗan'azumi.

"Kar ka kunna sai na wuce kasuwa. Har yanzu kunnena yana ji."