Ɗigon da Zubir Ya Toshe

Tukunyar gas da ke ɗumama gidan Zubir ta soma ɗiga ne a makon da dusar ƙanƙara ta fara sauka a garin Satif. Wani ɗan siririn bututu ne a ƙarƙashinta yake zubar da ruwa ɗis-ɗis duk lokacin da wuta ta kama sosai. Matarsa Nuwara ta tara kwano, tana zubarwa safe da yamma har ta gaji.

Zubir mai faci ne a bakin babbar hanya. Ya yi shekara da shekaru yana tsoma taya a ruwa yana neman inda take kumfa, don haka a wurinsa duk abin da ke yoyo maganinsa ɗaya, a toshe shi. Irin mutanen nan ne da in sun iya abu guda sai su ɗauka sun iya duka.

Ba mugu ba ne, a faɗi gaskiya. Saboda mahaifiyarsa, Hajiya Yamina, ya sa aka ja bututun ruwan zafi zuwa kowane ɗaki. Ciwon sukari ya daɗe da kashe mata ƙafafu, ko allura aka soka mata ba ta ji, amma sanyi na shiga mata ƙashi. Wuni take a kan buzu, ƙafafunta jingine da ƙarfen ɗumin ɗakinta da ruwan zafin ke bi ta cikinsa, ta lulluɓe su da bargo tana jan carbi.

Nuwara ta ce a kira Baba Rabah mai gyaran tukwanen gas, kamar yadda kowane gida yake yi in sanyi ya kawo kai. Ta nuna wa Zubir agogon da ke auna ƙarfin ruwan tukunyar: da safe allurarsa tana kwance a ƙasa, in ruwa ya yi zafi sai ta haye har cikin ja.

"Ke dai ki ji da tukunyar miyarki, ki bar mini tawa," in ji Zubir. "Ni da nake toshe tayar tirela, wannan ɗan fitsarin jaririn ne zai gagare ni?"

Washegari ya zo da murfin tagulla daga shago ya ɗaure bakin bututun tam. Ɗigo ya tsaya cak. Ya ɗauki kwanon ya miƙa wa Nuwara yana murmushi, ya ce ta mayar da shi cikin kayanta. Kullum da safe kuma in ya ga allura ta faɗi, sai ya buɗe famfo ya ƙara wa tukunyar ruwa, yadda yake ƙara wa taya iska.

Bakinsa bai bar abin a gida ba. A gidan shan gahawa ya ba da labari, Baba Rabah yana zaune a teburin kusa. Tsohon ya ajiye kofinsa ya gaya masa cewa wannan bututun ba huji ba ne, ƙofa ce da aka yi musamman, wadda ruwa yake fita ta cikinta in ya yi wa tukunya yawa. Ya ce ya cire murfin tun yau, shi kuma zai leƙo ya duba dalilin. Zubir ya ce wa abokan hira tsoho na neman na cefane ne. Aka yi dariya, aka ci gaba da buga domino.

Wata Juma'a sanyi ya tsananta. Zubir ya ƙara ruwa, ya murɗa wutar tukunyar har ƙarshe don tsohuwa ta ji daɗi, ya ɗauki dardumarsa ya tafi masallaci. Nuwara tana kicin ta rufe ƙofa tana turara kuskus.

Ruwa ya yi zafi, ya kumbura, ya nemi ƙofarsa ya tarar a toshe. Sai ya nemi inda ya fi rauni a gidan, ya samu tsohuwar mahaɗar bututu a ɗakin Hajiya. Ta fashe a ƙarƙashin bargo. Hajiya na gyangyaɗi, ƙafafun kuwa ba su gaya mata komai ba.

Da Nuwara ta shigo da kwanon abinci, tururi ta tarar ya cika ɗakin, buzu ya jiƙe sharkaf. Da aka zo cire safa a asibiti, da fata ta fito. Ƙunar mai ciwon sukari ba ta jin magani da wuri. Kafin sanyi ya wuce, likitoci sun yanke ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa.

Baba Rabah ya zo bai ce wa Zubir "na gaya maka" ba. Ya buɗe tukunyar ya nuna masa wani jan tulu a bayanta, mai iska a ciki, wanda aikinsa ya ba ruwa wurin kumbura in ya yi zafi. Ya danna bakin tulun da farce. Ko huci bai fito ba.

"Iska ce ta sace, ɗana," in ji shi. "Dubi bakinsa, irin na taya ne. Famfon iska na shagonka ma ya isa."

Zubir ya daɗe yana kallon ɗan bakin nan. Irinsa yake taɓawa tun safe har dare.

Hajiya Yamina ba ta taɓa ɗora masa laifi ba. Takan ce ƙaddara ce, ta sa masa albarka in ya goya ta zai hau da ita bene. Wannan albarkar ta fi zagi yi masa ciwo.

Mai karatu, in tukunya ta fara ɗiga ko allurarta tana hawa da sauka, ƙara take kawo maka. Kada ka toshe mata baki, nemo wanda ya san aikin ya binciki dalili. Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka zama gwani a ta wani, kuma sau da yawa ba mai taurin kan ne yake ƙonewa ba.