Hannu Biyu a Shafi Guda

Auta ta hau benen ofisoshin jami'ar, takardu manne a ƙirjinta, gumi ya fara jiƙa gefensu. Ƙarfe huɗu na yamma za a rufe karɓar takardun masu neman tallafin.

Tallafin karatun digirin digirgir ne ga masu bincike kan yadda gwamnati ke aiki da na'ura. Nata binciken a kan tsofaffin ma'aikata ne, waɗanda kwamfutar ofishin fansho ke cewa sun mutu alhali ga su tsaye a layi da sandunansu. Masu ba da tallafin sun yaba. Sharaɗi ɗaya ya rage: tunda aikin ya haɗa fanni biyu, sai shugabannin sassan biyu sun sa hannu a shafi guda.

Shugaban sashen kwamfuta yana hawa na sama. Sai da ya shanye shayinsa sannan ya dube ta.

"Kin rame," ya ce, ya jawo shafin. "Wa ya ɗora sunan sashen waccan matar a kan nawa? Wannan aikin na'ura ne. Je ki ce mata a juya."

Shugabar sashen nazarin mulki tana ƙasa, can ƙarshen baranda. Duk jami'ar an san su biyun ba sa ga-maciji. In ya shigo taro ta wannan ƙofa, ita ta waccan take fita.

"Haka ya ce?" Ta zare tabarau. "Mai hali ba ya fasa halinsa. Ki gaya masa muddin sunansa ne a sama, alƙalamina ba zai taɓa takardar nan ba. Kin ma ci abinci kuwa?"

Kai saƙo tsakanin masu gaba ba sabon abu ba ne a wurin Auta. Ta ruga shagon wata mai buga takardu a bakin titi, aka fitar da sabon shafi, sunayen biyu a jere, babu na sama babu na ƙasa.

Shi ya ce ita ta fara, ya gani da idonsa. Ita ta ce shi ya fara, ai shi ne mai son gaba. Auta ta roƙa har muryarta ta dishe. Da ta koma sama karo na ƙarshe, ta tarar ya kulle ofis. Ta leƙa ta taga, ta hango motar shugabar tana fita ƙofa.

Ƙarfe huɗu ta wuce tana zaune a kan bencin shagon, ko kuka ta kasa.

Mai buga takardun ta miƙo mata ruwa. "Haba baiwar Allah, ba ki da kowa ne? Da kin turo iyayenki sun roƙe su. Komai taurin zuciyarsu, ai sa ji kunyar manya."

Auta ta kalli shafin. Sannan ta ninke shi, ta ajiye a gefen benci.

"Su ne iyayen nawa," ta ce.