Jar Laka a Gindin Ƙwarya

Tunda an ba ka aikin duba madatsun ruwa, Tasi'u, zauna in ba ka misali kafin takardu su rufe maka ido.

A wani ƙauye akwai ƙaramar madatsa ta jar ƙasa, da gidaje arba'in a ƙasanta. Shekara da shekaru ruwa na ɗan tsattsafowa a gindin bangon, garai-garai, kuma nan wata mai koko take ɗiban na jiƙa gero. Wata damina, ana gab da ruwan Agusta, wani injiniya ya zo dubawa. Ya auna tsayin bango, ya auna faɗin mafitar da rarar ruwa ke bi, ya lissafa ambaliyar da madatsar za ta iya ɗauka, komai ya fito daidai. Yana naɗe igiyar awo matar ta tare shi. Ta ce, "Ɗan nan, kwana tara ke nan kamun kokona na fita ja. Duba gindin ƙwaryar nan." Manoman rani suka kwashe da dariya, wai mai koko za ta koya wa injiniya aiki. Shi kuwa ya tsiyaye ruwan, ya murza lakar da ta kwanta, ya gane ƙasar bangon ce. Ruwa na cin madatsar ta ciki.

Ya sa aka buɗe bututu aka rage ruwan da rabi. Manoman suna kallon ruwan tumaturinsu yana tafiya, har suka ƙaurace wa kokonta, kamar ita ta huda bangon. Da aka haƙa bangon sai ga gidan gara, rami ya ratsa har mutum na zura hannu zuwa kafaɗa. Aka cike, aka daddaɓe. Ba a yi mako biyu ba sama ta ɓalle da ruwa, wuni guda cur. Madatsa ta cika maƙil, rarar ta bi mafitarta, ko kaza ba a rasa ba a gidajen nan arba'in.

Mai kokon nan ita ta haife ni. Ba ta san baƙi ko ɗaya ba, kuma wallahi na fi alfahari da ita a kan duk takardun shaidar da na tara. In ka je duba madatsa, ka gama awonka, sannan ka nemi mai ɗiban ruwa a gindinta. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.