Addar da Ba Ta Kiran Sunansa

Bamanga ya dangwarar da sabuwar rikodarsa, sayen shekarar ƙarin albashin Udoji, a gaban Adda Yelwa.

"Na kusa gama rubuta tarihin gidanmu, Adda. Kowa na yabe shi, ban da ke. Dada ce ta haife mu, amma ba ki taɓa kiran sunana ba. Ranar aurena ma barin garinmu Bagadaza kika yi. Me na tsare miki? Faɗi, ko in rubuta ki a maƙiyiyata!"

Ta ja mayafi ta fice.

Kawu Joda, ƙanen marigayiya Dada, ya kashe rikodar.

"Boko ya cuce ka, shashasha. Dada kakarka ce, goyonka kawai ta yi. Wace Bafulatana ka taɓa ji ta kira sunan ɗanta na fari?"