Gajeriyar Alkama da Doguwa

Tun ɗazu kake yaba mutumin nan da kuke son damƙa wa ƙungiyarku, amma duk halin kirkin da ka faɗa mini, a lokacin wadata ka gan shi. Gyara zama ka ji abin da ya faru da wani manomin alkama.

A wani gari na bakin kogi inda ake noman rani, akwai wani mutum da ya ƙware a zaɓen iri. Kafin girbi yakan bi gonarsa yana ɗaura tsumma a kan duk zangarniyar da ta yi masa, ya yanke ta daban, baɗi ya shuka ya ga ko 'ya'yan za su gaji uwa. Da haka ya ware iri biyu. Ɗaya doguwa ce da ya samo a bakin magudanar ruwa inda taki ke taruwa, tana kaiwa ƙirjin mutum, zangarniyarta ta cika tafin hannu. Ɗayar gajeriya ce daga can ƙarshen gona inda ruwa ke isa a gajiye, kararta kauri, ba ta da kyan gani, sai dai tana rigan kowace nuna. Duk inda ya kai gajeriyar, halinta ɗaya ne. Doguwar kuwa bai taɓa ganin ta cikin wuya ba, saboda haka bai san wanne ne nata na gado ba, wanne ne taki ya ara mata. Wata shekara rufin ɗakin da mutanen garin suka haɗa irinsu ya yi yoyo da damina, ba wanda ya lura sai da sanyi ya kawo kai, aka kwance buhuna aka tarar duk sun ruɓe. Suka yo gidansa. Ya daɗe tsaye a tsakanin irin nan biyu, don ya san abin da ya miƙa musu shi ne abincin gari na shekara. Daga ƙarshe ya raba musu gajeriyar, wadda ya san halinta. Masu nema suka yi yawa har ya kakkaɓe buhun ƙarshe, shi kansa ba abin da ya rage masa sai doguwar. Ita ya shuka.

Da shuka ta tashi sai bambanci ya fito fili. Gonarsa ta yi shar, tana kaɗawa kamar ruwan tafki, ta kowa kuwa ta tsaya da kyar ta wuce gwiwa. Magana ta fara zagayawa cewa ya ɓoye mai kyau ya ba jama'a saura. In ya yi sallama a majalisa sai a amsa ciki-ciki, matarsa ta je rijiya mata su yi shiru har ta tafi. Wata safiya ya tarar an toshe masa magudanar ruwa da ƙasa. Maƙwabcin gonarsa, wanda suka yi wasan ƙasa tare, ya tsaya a kan iyaka ya ce, "Malam, in yunwa ta shiga gidana bana, a ƙofarka zan zube yarana." Shi ma kokwanto ya fara cin sa. Yakan dubi doguwar nan mai cikar kai ya ce a ransa, anya ban cuci mutanen nan ba? Abinci ya daina shiga masa. Ana cikin haka zafin bazara ya sauko tun lokacinsa bai yi ba. Kogi ya ja baya, injinan ban ruwa suka fara tsotso laka, aka koma rabon ruwa bi da bi, kowa da fartanya a hannu da baƙin rai a fuska. Gajeriyar ta riga ta cika ƙwaya, ta fara yin ja. Doguwar kuwa ƙwayarta na ruwa-ruwa, zafi ya kama ta ta fara motsewa. Ranar da rabonsa ya zo ya cika ta da ruwa don ya cece ta, ƙasa ta yi laushi, da la'asar iska mai ƙarfi ta taso daga gabas. Yana tsaye yana kallo gonarsa ta kwanta layi bayan layi, kamar an shimfiɗa tabarma a cikin taɓo. Bai tsaya kirga asara ba, ya ruga a guje ya haye tudun bakin kogi yana haki, ya dubi gonakin jama'a. Suna nan tsaye, iska na kaɗa su suna komowa. Sai ya zauna a ƙasa yana hamdala, shi da bai da abin girba. A shekarar nan abin da ya tattara bai fi ƙaiƙayi ba, amma babu gidan da ya kwana da yunwa a garin. Bayan sussuka, maƙwabcin nan ya shigo da buhu a ka, ya sauke a zaure, ya durƙusa ya kasa ɗaga ido. Wasu suka biyo bayansa.

To ka ji. Iri da mutum, ranar da ruwa ya janye ake gane abin da ke jininsu. Hausawa suka ce, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.